Golan da Na Ƙwace wa Safar Hannu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina cin abinci da ƙafata. Lamba biyar nake bugawa, mai tsaron baya, irin ɗan wasan da 'yan kallo ba sa tunawa da shi sai ranar da ya yi kuskure. Na buga a Kano, na buga a kudu, na yi kakar wasa biyu a wata ƙasar Larabawa, inda na koyo rataya agogo a wuya da yi wa mutane tsawa. Gwiwata ta hagu ce ta kawo ƙarshen abin. Likita ya duba hoton, ya ce in ina so in riƙa sujada ba da kujera ba idan na tsufa, to in haƙura da ƙwallo. Na haƙura, na dawo Daura da akwati biyu da girman kan da ya fi su nauyi.

Ban daɗe da dawowa ba wani attajiri mai fataucin shanu ya kira ni. Yana da kulob a gasar jiha, yana so in zama koci. Kafin ni wani dattijo ne ke riƙe da yaran, tsohon malamin firamare, wanda bai taɓa buga ƙwallo a wajen masarautar nan ba. Aka mai da shi mataimakina, ya karɓa ba tare da ɓata rai ba. Ni kuwa a ranar farko na tara 'yan wasa na karanta musu doka. Atisaye sau biyu a rana, bakwai na safe da bayan la'asar. Wanda ya yi fashi uku ya ajiye riga, ko ɗan waye. Na ce haka ake yi a inda na fito, kuma na lura na maimaita "inda na fito" ya fi sau biyar kafin in rufe baki.

Da rani dokar ta yi aiki. Yaran suka yi ƙarfi, muka fara cin wasa, aka fara nuna ni da yatsa a kasuwa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, dattijon ya same ni ina tattara ƙwallaye, ya ce, "Koci, akwai wata 'yar magana. Mu nan in damina ta faɗi, ɗage na safe muke yi. Yamma kawai ake fitowa sai an gama maimai, noma na biyu. Yawancin yaran nan da safe suna gona."

Na ce, "Malam, kulob nake riƙewa ko ƙungiyar gayya?"

Ya ce, "Kulob ne. Amma gero suke ci."

Na ce a inda na fito babu wanda ke zuwa ya ce wa koci ya tafi gona. Ya yi murmushi, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ɗauki ragar ƙwallayen ya wuce. Abin da ya sa wannan amsar tawa take ci mini rai har yau shi ne, ni ma ɗan manomi ne. Ƙauyenmu yana gefen Dutsi. Tun rasuwar mahaifinmu Yayana ne ke riƙe da gonar gidan, kuma duk kaka sai ya aiko mini da rabona na gero har ƙofar gida. Da kunun wannan geron na karya kumallo a safiyar da na yi wa dattijon nan rashin kunya.

A cikin yaran akwai gola. Daga wani ƙauye yake zuwa can gaba da Sandamu, a kan keke, kullum. Dogo ne, shekarunsa ba su wuce ashirin ba, ba shi da yawan magana. Na ga masu tsaron raga da yawa a rayuwata, amma irinsa ba su fi biyu ba. Ƙwallo kamar tana gaya masa inda za ta bi. Ba ya faɗuwa don a tafa masa, tsayawa yake yi a inda ya dace, ta zo ta same shi. Da na zo, da hannu tsirara yake kama ƙwallo. Ina da wata safar hannu ta gola da wani abokin wasana Balarabe ya ba ni ranar da za mu rabu, fara mai ratsin kore, na ajiye ta a ƙasan akwati. Na ɗauko na ba shi a gaban kowa. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Bayan kowane atisaye sai ya wanke ta, ya nannaɗe a cikin tsumma kafin ya ɗaure a bayan keke.

Ina da wani tsohon abokin wasa da yake nemo wa wani babban kulob 'yan wasa. Na buga masa waya, na ce ina da golan da in bai zo ya gani ba zai yi da-na-sani. Ya ce lallai suna neman gola, kuma lokacin rajista ya kusa ƙarewa, zai zo wasanmu na gida na farkon damina. Na gaya wa yaron. Bai yi tsalle ba, bai yi ihu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya saka da alheri, Koci." A wajenmu irin wannan dama sau ɗaya take zuwa wa mutum, in ta zo ma.

Sai ruwa ya sauka, ruwan shuka sosai. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san safiyar da ta biyo bayan irin wannan ruwa ba ta jira. In ƙasa ta sha iska an rasa. Da safen na tsaya a fili da usur a baki, yara takwas babu. Na rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Golana yana ciki. Da yamma ya zo, ya ce, "Koci, a yi haƙuri." Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Sauran yaran suka san yadda suka yi. Wannan ƙaninsa ya karɓe shi, wancan ya yi sammako ya yi abin da zai iya ya rugo fili. Babu wanda ya kai fashi uku. Da lokacin noman farko ya yi, ciyawa ta taso, sai gola ya yi fashin safiya biyu a jere, saura kwana uku wasan. Yamma kuwa bai taɓa fashi ba. Yana isowa da gumi, ƙafafunsa duk ƙasa, ya jingine keke ya shiga raga. Na ga tafin hannunsa lokacin da yake saka safa, duk ya yi kanta, wani wurin ya fashe. Don haka ba zan ce ban san inda yake zuwa ba. Na sani sarai. Abin da ban yi ba shi ne in buɗe baki in ce, me ya sa kai kaɗai ka kasa samun mai karɓar ka?

Ranar wasa abokina ya iso tun azahar da na'urar ɗaukar bidiyo, aka sa masa kujerar roba a inuwa. A filin wata makaranta muke wasa, ajin da ke kusa da fili shi ne ɗakin canza kaya. Na shiga na tarar gola ya riga ya shirya, ya saka safar, yana zaune a kan benci yana motsa baki, addu'a yake. Na buɗe littafina na karanta ranakun fashinsa guda uku. Na ce golanmu na biyu ne zai tsaya.

Dattijon ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Koci, a bar shi ya tsaya yau. Gobe a yi masa duk hukuncin da ka ga dama. Baƙon nan dominsa ya zo."

Na ce doka doka ce. Na faɗa da ƙarfi, don na san tagar a buɗe take, kuma kujerar abokina ba ta da nisa. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba sai yanzu ita ce, so nake ya koma ya ba da labari cewa wane yana can Daura yana riƙe da kulob kamar na Turai, ba sani ba sabo. Ba don tarbiyyar yaron na yi ba. Don a yabe ni na yi.

Na ce wa gola ya cire safar. Ya tsaya yana kallona kamar bai ji ba. Raina ya ɓaci, na kama hannunsa na fara zare ta da kaina. Bai hana ba. Ya ma miƙo mini ɗayan hannun. Na ce, "Hannun da na ce a kiyaye, dube shi. In hauya ka zaɓa, ga hanya nan, koma ka riƙe ta."

Na zaci zai hau kekensa ya tafi. Da ya tafi da na samu abin kafa hujja. Bai tafi ba. Ya zauna a benci daga farkon wasa har ƙarshe, yana tafa wa wanda ya maye gurbinsa, da aka tafi hutun rabin lokaci shi ya raba wa 'yan wasa ruwa. An zura mana uku, biyu daga ciki irin waɗanda yake kamawa yana hamma. Bayan an tashi abokina ya ce, "To ina golan?" Na ba shi labarin dokata ina jiran ya jinjina mini. Dariya ya yi, ya ce, "Kai dai har yau ba ka canza ba." Ya ce ba zai iya sake dawowa ba, kwana kaɗan ya rage a rufe rajista. A makon suka ɗauki wani gola daga wata jiha. Yaron kuma bai sake zuwa fili ba.

Ranar Juma'a na tafi ƙauyenmu gaida Yaya. Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo tuwo. Yaya ya girme ni da shekara huɗu, amma wanda ya gan mu zai ce goma sha biyar ne. Ina ci ina ba shi labari, har da kwaikwayon yadda na yi tsawa. Na ce yaran yanzu ba su san abin da suke so ba, an kawo wa mutum arziki har gida ya tafi yana tonon ciyawa. Na ce ni a zamanina ruwa ko iska ban taɓa fashin atisaye ba, shi ya sa na kai inda na kai.

Yaya bai katse ni ba. Ya gama lomarsa, ya wanke hannu, ya goge a gefen riga. Sannan ya ce, "Haka ne, ba ka taɓa fashi ba." Ya ɗago ya kalle ni. "Shi wannan yaron, wa ke yi masa nasa noman?"

Na ce, "Kamar yaya?"

Ya ce, "A'a, tambaya kawai na yi. Ƙara miya mana."

Wani abu da na fi shekara goma ban tuna ba ya dawo mini kamar jiya aka yi. Shekarar da aka kira ni gwaji Kano, daren tafiyata aka yi ruwan shuka. Da asuba Baba ya fito da sungumi, ya gan ni da jaka, ya ce in ajiye ta, babu inda za ni. Ina tsaye ina hawaye, Yaya ya fito ya ce, "Baba, bar shi ya tafi. Nasa aikin yana wuyana." Na fita da gudu ko waiwaye ban yi ba. Kuma Yaya ne ya fara koya mini ƙwallo. Shi ne lamba tara na ƙauyenmu, har daga maƙwabta ake zuwa aron sa. Daga wannan daminar bai sake fita fili ba, domin wanda ya yi noman mutum biyu ba ya da sauran ƙafar gudu da yamma. Shekara goma sha ɗaya ina yawo ina gaya wa 'yan jarida cewa da ƙoƙarina na taso. Ko sau ɗaya ban tambayi wanda ya nome mini nawa ba.

Ban iya kallon fuskarsa ba. Na ce zan koma, akwai abin da na manta. Ya rako ni har bakin mota yana tambayata lafiyar gwiwa, kamar bai faɗi komai ba.

Washegari da hantsi na sa safar a leda, na ɗauki dattijon ya nuna mini hanya, don ni ko sunan ƙauyen golana ban sani ba. Muka wuce Sandamu, muka sauka daga kwalta, muka bi turɓaya har mota ta fara kukan wahala. Ina tuƙi ina auna nisan a raina, ina tuna wannan hanyar yake bi a keke bayan ya wuni a gona. Aka ce mana suna gona, muka ƙarasa da ƙafa.

A gindin wata bishiyar gawo a bakin gonar wani tsoho yana zaune a kan buhu. Hannunsa na dama yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba, bakinsa ya ɗan karkace. Dattijon ya raɗa mini cewa mahaifin golan ne, ɓarin jikinsa ya shanye tun bazara. Yaron shi ne babba, na bayansa mata ne ƙanana. Na ce, "Malam, ka sani ba ka gaya mini ba?" Ya ce, "Sau biyu na fara, Koci. Ka ce ba ka son jin labarin gona."

Da tsohon ya ji ko ni wane ne, sai ya dafa ƙasa da hannunsa mai lafiya yana ƙoƙarin tashi. Na yi sauri na durƙusa na ce, "Baba, don Allah zauna." Ya riƙe hannuna. Maganarsa tana fita a hankali, sai an kasa kunne. Ya ce ya ji abin da ya faru, kuma shi ne mai laifi, ba yaron ba. Ya ce sau nawa yana cewa ya bar gonar ya tafi wajen malaminsa, ya ƙi. Ya ce in yafe masa, yaro ne. Ya yi ta sa mini albarka saboda safar da na taɓa ba ɗansa, ya ce ranar da ya zo da ita gida sai da kowa ya taɓa ta. Ni da na zo neman gafara, sai ga ni a durƙushe ana neman tawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Golan ya hango mu, ya ajiye hauya ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Na ce masa na yi kuskure. Da ƙyar maganar ta fito, don ban saba faɗin ta ba. Na miƙa masa ledar. Ya buɗe, ya kalli safar, ya ce, "Ba komai, Koci. Doka ce, kuma na karya." Na ce ya dawo fili, na soke atisayen safe, zan sake neman wata hanyar. Ya waiwaya ya kalli gonar, rabinta ciyawa ta rufe geron. Ya ce, "In an yi kaka, in sha Allahu."

Ban san abin da ya hau kaina ba, sai na cire takalmi, na naɗe ƙafar wando, na ce a ba ni hauya. Ya ce, "Haba Koci." Na nace. Ina ganin a raina in na yi gumi a gonar zan rage wani abu daga nauyin da ke kaina. Na kama layi ɗaya, shi ya kama na kusa. Kafin in kai rabi ya kai ƙarshe ya juyo. Bayana ya riƙe, gwiwar ta fara zugi, tafin hannuna ya tashi. Na daure na kai ƙarshen layin, na miƙe ina haki, na waiwaya don in ga aikina. Sai na gan shi a bayana a tsugune, yana bin layin nawa a hankali, yana tayar da geron da na sare tare da ciyawa, yana mai da wanda zai mayu cikin ƙasa. Yana yi yana satar kallona, kada in gani in ji kunya. Ashe ko taimakon nawa ƙarin aiki ne. Na ajiye hauyar na koma gindin gawo na zauna kusa da tsohon, wanda ya ce sannu da ƙoƙari.

Na soke atisayen safe a wannan makon. Dattijon bai ce ai na gaya maka ba, da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Na buga wa abokina waya har sau uku, ya ce sun riga sun cike gurbi, sai wata shekara. Wata shekarar kuma aka canza shi daga aikin. Na gwada wasu mutum biyu, kowa ya ce in turo hoton bidiyon wasansa, ni kuwa ba ni da shi, domin ranar da aka zo da na'urar ɗauka a benci na zaunar da shi.

Da kakar wannan daminar ta yi, Yaya ya aiko da gerona kamar kullum. Na tsaya ina kallon buhunan a tsakar gida na kasa cewa a shigar da su. Matata ta ce lafiya? Na ce lafiya. Ranar na sake ɗaukar hanyar Sandamu ni kaɗai, don in tuna wa yaron alkawarinsa.

Na same shi a bayan gidansu. Sun samu gero daidai gwargwado, yana yi wa rumbu shinge saboda awaki. Ya saro rassan ƙaya ya tara, yana ja yana jerawa. Ya yi faɗi a kafaɗa, ya yi baƙi. Ya ce jikin Baba sai a hankali, ba zai iya nisa da gida ba, kuma an fara yi masa maganar aure don a samu mai taya mahaifiyarsa aiki. Ya faɗa ba da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin wani. Ni dai ba fuskarsa nake kallo ba, hannunsa nake kallo. Safar ce a hannunsa. Farin ya koma ruwan ƙasa, ratsin koren ya kusa ɓacewa, babban yatsan dama ya huje an ɗinke shi da zaren buhu.

Ya ga inda idona yake. Ya ɗaga hannuwan biyu ya juya su, yana murmushi, da zuciya ɗaya.

"Tana da kyau sosai, Koci," in ji shi. "Ƙaya ba ta shiga ko kaɗan."

Na ce masa madalla. Ya ce in shiga in gaisa da Baba, a kawo mini fura. Na ce to, bari in ɗauko wani abu a mota. Babu abin da na bari a motar. Na shiga na rufe ƙofa, na zauna har sai da na tabbata zan iya fitowa da fuskar da za a gaisa da ita.